Ta'aziyya Uku a Motar Baba Sumani

Duk wanda ya saba bin layin da ke bayan Fordham Road bayan sallar asuba ya san baƙar motar nan mai cin mutum bakwai, ya kuma san dattijon da ke zagaya ta da tsumma a hannu. Baba Sumani ba ya tayar da mota sai ya goge ta, ko da hadari ya haɗu, kowa yana ganin nan da minti goma ruwan sama zai maimaita masa aikin. Yakan fara da madubin gefe, ya bi ƙofofi ɗaya bayan ɗaya, ya jera gorunan ruwa, sannan ya tura kujerun tsakiya baya iya inda za su kai, domin fasinjojinsa ba irina da irinka ba ne. Wasunsu idan suka zauna sai ka ji motar ta yi nishi. Daga nan ya sha kokon da matarsa Akua ta zuba masa a fulas, ya yi bismilla, ya kama hanyar filin jirgi. Shekara ashirin da huɗu yana haka, sai watan jiya ya ajiye makulli.

Direba ne a ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyin ƙwallon Amurka na garin nan, ba zan kama sunanta ba. Ga mutanen gida da ba su taɓa kallo ba: sunanta ƙwallon ƙafa, amma a hammata ake rungume ta ana gudu, ƙarti goma sha ɗaya suna bin mutum su kayar da shi. Na shekara uku a New York ina kiranta dambe da hular kwano kafin ta shiga raina. Kowace shekara a ƙarshen Afrilu ana zaman kwana uku da suke kira draft, ƙungiyoyi su bi layi, kowace ta zaɓi matasan da take so daga cikin waɗanda suka gama buga wa kwalejoji. Wanda aka kira sunansa ya haye, shi da danginsa. Wanda ba a kira ba, galibi sai ya nemi wata sana'ar. Kafin ranar, ƙungiya takan gayyato waɗanda take zawarci su zo sansaninta a tsallaken kogi, likitoci su dudduba su, masu horarwa su sha musu kai da tambayoyi. Dole wani ya ɗauko su daga filin jirgi, kuma wannan wanin shi ne Baba Sumani.

Ni Mukhtari sunana, mutumin Kano, ina aikin fassara a wani ofishin jakadanci. Muna da majalisa a shagon wani mai aski, kuma idan Afrilu ta kama duk mukan zama masana. Ni ne kan gaba. Ina rubuta jerin sunayen waɗanda ya kamata ƙungiyarmu ta ɗauka, in tura a zaurenmu na waya da dogon sharhi, da nauyin kowa da gudunsa. A shekara goma sau ɗaya na dace, shi ma ɗin mai askin ne ya raɗa mini. Baba Sumani kuwa, wanda ya ɗauki yaran nan a motarsa, ya ji muryarsu da warin turarensu, yakan zauna a kujerar ƙarshe yana jiran layinsa yana murmushi. Mun yi lallashi, mun yi zolaya, mun saya masa tsire, bai taɓa ba mu suna ko ɗaya ba.

Abin da ya yarda ya faɗa mana shi ne inda ya koyi kallo. Mahaifinsa dillalin shanu ne a Kumasi. “Tsohona ba ya duba sa yana tsaye a turke,” in ji shi. “Wajen da ake sauke su daga lori yake zuwa. Nan ne mai ɗingishi ba ya iya ɓoyewa kraa, ko kaɗan.” Shi ma haka yake yi. Yaro ya yi haddar amsar da zai ba manya a ofis, amma bai yi haddar abin da zai ce wa tsohon direba ba. Baba yakan gaishe shi irin tamu, gaisuwa mai tsawo, da Turancinsa na Zango: ya hanya, ya gida, ya mahaifiyarka, ka ci abinci? Sai ya yi shiru ya saurara. Yana lura da wanda ya miƙa masa jaka ba tare da ya dubi fuskarsa ba, da wanda ya yi wa uwarsa tsawa a waya, da wanda ya tattara ledarsa kafin ya sauka.

Shugaban masu farautar 'yan wasa na ƙungiyar, wani dogon Bature da Baba ke kira Oga kawai, shi ya fara gane amfanin wannan. Wata rana cikin wasa ya tambaye shi yadda ya ga wani yaro da jaridu ke ta kurantawa. Baba ya ce wannan ba zai zauna lafiya da abokan wasansa ba. Wata ƙungiyar ta ɗauke shi, kafin shekara biyu ta sallame shi a kan abin da Baba ya faɗa. Tun daga nan duk Afrilu Oga yakan fito har wajen ajiye motoci ya jingina da ƙofa. Amsar Baba ba ta wuce uku: ku ɗauka, ku bari, ko ban sani ba. Ta ukun ta fi yawa, abin da ni ban taɓa iya furtawa a majalisa ba. Kuma ba ina cewa ba ya kuskure ba ne. Akwai wani ƙato da ya yi barci da minshari tun daga filin jirgi har ƙofar sansani, Baba ya ce rago ne, a bar shi. Yaron nan ya shekara goma yana tumurmusa mu duk sanda muka haɗu da ƙungiyarsa. Har yau idan muna son mu ga Baba ya sosa ƙeya, minshari kawai wani zai ja.

Da wannan kaɗai ne, da ban ɗauki alƙalami ba. Maganar Jamal ce ta sa.

Jamal ɗan unguwarmu ne, ɗan marigayi Malam Kadri da Hajiya Rukaya. A tsohuwar motar Baba Sumani aka ɗauko ragon sunansa. Uban ya rasu yana ɗan shekara tara, uwar ta riƙe shi da aikin kula da tsofaffi a gidajensu, ta yi musu wanka, ta ba su abinci a baki, ta juya su a gado. Yaron ya tashi ƙaƙƙarfa mai kunya, yana jin Hausa sarai amma da Turanci yake mayar da amsa. Ya samu gurbi a wata kwaleji mai nisa saboda ƙwallo, aikinsa a fili shi ne ya yi karo da duk wanda ya rungumo ta. Shekara shida da suka wuce, masu hasashe na jaridu suka fara sa sunansa cikin waɗanda za a kira a rana ta uku. Unguwa ta ɗauka. Aka kama zauren taro, mata suka fitar da anko, ni kuma na rubuta sharhi mafi tsawo a rayuwata. Da aka ji ƙungiyar Baba ta gayyace shi, sai kowa ya ce magana ta ƙare, namu ne zai ɗauko namu. Hajiya Rukaya da kanta ta kai masa kular wake da shinkafa har gida, ta ce, “Alhaji, ɗanka ne. Ka sa masa baki.”

Abin da ya faru a motar, daga bakin Jamal na ji shi bayan shekara biyu. Baba bai taɓa ba ni labarin ba.

Jamal ya fito daga filin jirgin LaGuardia da baƙin tabarau, ya rusuna ya gaida Baba, ya hana shi taɓa jaka. Suna hawa titi ya tambayi lafiyar Maa Akua. Baba ya ce ta tafi Kumasi, mahaifiyarta ta rasu sati biyu da suka wuce. Jamal ya dafe ƙirji, domin tsohuwar ta taɓa zuwa nan, ta goya shi yana ƙarami. Ya yi ta'aziyya yadda aka koya masa, da Hausarsa mai tuntuɓe, Allah ya jiƙan ta, Allah ya ba da haƙuri. Baba ya ji daɗi a ransa, ya ce wannan yaro Rukaya ta yi tarbiyya.

Kafin su kai gadar George Washington, Jamal ya juyo ya ce, “Baba, ya Maa Akua? Tana gida?”

Mu dai mun san gaisuwa ba ta ƙarewa a wajenmu. Hira ta lafa, sai a sake cewa ya gida, ba wanda zai ga aibu. Baba ya ɗauka hakan ne, ya maimaita masa cewa tana Kumasi wajen rasuwar tsohuwarta. Sai ya ga yaron ya sake dafe ƙirji, ya sake salati, fuskarsa ta sake faɗuwa kamar yanzu labarin ya same shi. Ya sake yin ta'aziyyar daga farko har ƙarshe. Baba ya amsa da amin, ya riƙe sitiyari da kyau. Ana maimaita gaisuwa, amma ba a jin mutuwa ɗaya sabuwa sau biyu. Da suka tsallaka kogi, Jamal ya yi ta uku.

Baba ya ratse ya shiga wani gidan mai, ya kashe mota.

“Jamal, cire gilashin nan ka dube ni. Yaushe aka buge ka a kai?”

Yaron ya fara musu, sannan ya faɗa. Da Turanci ya yi maganar, ni ne nake mayar da ita. An yi karo da shi a wasan ƙarshe cikin Nuwamba, ya tashi ya ci gaba bai faɗa wa kowa ba. Aka sake a wajen atisaye cikin Janairu. Tun daga nan haske yana sara masa kai, yana shiga ɗaki ya manta abin da ya kai shi. Ya san irin tambayoyin da likitoci ke yi, ya yi haddarsu, ya tsallake gwaji biyu a haka.

“Baba, kwana goma sha biyu ya rage a fara kiran sunaye,” in ji shi. “Mma ta shekara ashirin tana wanke iyayen wasu. Ka bar ni in fitar da ita daga aikin nan, daga baya in ga likita. Please, Baba.”

“Idan aka sake buga ka fa, kafin daga bayan ya zo?”



“Ina son ka paa, ƙwarai da gaske,” in ji Baba. “Saboda haka ka shiga ka faɗa wa likita da bakinka. Na ba ka zuwa la'asar. In ba ka faɗa ba, Oga zai tambaye ni, kuma ban taɓa yi masa ƙarya ba. Ban kuma ɗauko ragon sunanka don in kai ka inda za a fasa maka kai ba.”

La'asar ta yi Jamal bai faɗa ba. Oga ya fito ya jingina da ƙofar mota yana murmushi, ya ce yaron ya burge kowa, kuma ya ji ɗan unguwarsu ne. Baba Sumani ya ce masa yaron kirki ne, ba a taɓa sa masa wanda ya fi shi ladabi a motar nan ba, amma a sake duba kansa, kada a yi masa tambayoyin da ya sani. Aka sake dubawa. Likitoci suka ce kada ya kuskura ya sake shiga fili a wannan shekarar, wataƙila har abada.

Jamal bai gaya wa uwarsa ba, yana fatan wata ƙungiyar da ba ta ji ba za ta kira shi. Ranar Asabar muka cika zauren tun azahar, mata cikin anko, tukwane a jere, babban allo a bango. Aka yi ta kiran sunaye. Duk sanda aka zo kan ƙungiyarmu sai zauren ya yi tsit, sai a kira ɗan wasu. Abinci ya huce ba wanda ya buɗe. Da aka kira sunan ƙarshe, Hajiya Rukaya ta miƙe ta fara naɗe ledar teburi ita kaɗai, ba ta dubi kowa ba. Baba Sumani bai zo zauren ba, kuma kafin sati ya zagayo kowa ya ji cewa wata magana ya faɗa wa Oga da ta hana a ɗauki Jamal.

Ranar Juma'a ta tare shi a ƙofar masallaci, a gaban jama'a. “Na kawo maka abinci har gida,” in ji ta. “Da ba za ka sa baki ba, da sai ka yi shiru. Shirun ma ya gagare ka, Sumani?” Ya sunkuyar da kai har ta gama ta tafi. Daga ranar ba ta sake gaishe shi ba. Mu ma muka bi bayanta. Ni da hannuna na rubuta a zauren waya cewa akwai mutanen da ba sa son ganin ɗan wani ya wuce nasu, kuma kowa ya san da wa nake. Idan ya shigo shagon aski sai hira ta mutu. Ya ci gaba da zuwa, ya yi sallama, ya zauna a kujerar ƙarshe, a amsa masa ciki-ciki. Shekara guda cur na yi ina kauce wa hannunsa. Ina jin kunyar wannan har yau, kuma na rubuta shi a nan ne don kada a ɗauka mai rubuta wannan jinjinar ya fi sauran.

Baba, kai ne ka san cewa kalma ɗaya daga bakinka za ta mayar da kai gwarzon unguwa, ka ƙi furta ta. Ba wanda zai kama ka da ka ce ban sani ba, amsar da ka saba bayarwa, amma a ranar ka sani. Ka zaɓi a zage ka da yaron yana tafiya da ƙafafunsa, a kan a yabe ka a kuma kai shi inda za a sake buga masa kai. Kuma da muka juya maka baya, ba ka taɓa buɗe baki ka ce ga abin da ka ji a motar ba, domin sirrin rashin lafiyarsa ba naka ba ne. Ka bar mu muna kiranka mai hassada don kada a kira shi mai taɓin kai. Sumani na Akua, direban amana.

Ba zan yi muku ƙaryar cewa komai ya zama alheri ba. Ba wanda ya san abin da zai faru da an ɗauki Jamal. Wataƙila da ya tsira, ya saya wa uwarsa gida. Wata goma sha huɗu ya yi kafin ciwon kan ya sake shi. Yanzu yana koyar da wasannin motsa jiki a wata makaranta a unguwar Stapleton, ya yi aure, yana da 'ya ɗaya. Bai yi arziki ba. Hajiya Rukaya har gobe tana hawa jirgin ƙasa zuwa gidajen tsofaffi. Jamal ya daɗe da komawa gaida Baba, mu ma muka bi da kunyarmu ɗaya bayan ɗaya, amma ita shekara shida ba ta ce masa ko sannu ba.

Watan jiya muka yi masa walimar ajiye aiki, a zauren nan dai. Oga ya zo, ya yi jawabi, ya ce ya yi aiki da masana masu digiri da na'urori, amma idan ra'ayi ya rabu wajen ajiye motoci yake zuwa. Ana shirin addu'ar tashi sai ga Hajiya Rukaya ta shigo da kayan aikinta a jiki, ko mayafin kirki ba ta tsaya ɗauka ba.  Ta wuce kai tsaye har gabansa.

“Alhaji, ina wuni.”

“Lafiya lau, Hajiya,” in ji shi, yana ƙoƙarin miƙewa.

“Zauna. Magana ɗaya na zo faɗa, kuma a gaban mutane na zage ka, a gabansu zan faɗa.” Ta ja numfashi. “Aikina ke nan, masu mantuwa. Na san yadda abin yake farawa fiye da likita. Da Jamal ya zo hutu a Disamban waccan shekarar, sau huɗu ya tambaye ni ko na ci abinci, da kwanon a gabana. Na gani, Alhaji. Na gani kafin kai. Na ce gajiya ce, don na riga na gaji ni ma, ina son in huta. Ba don ka faɗa na yi fushi da kai ba. Don ni ya kamata in faɗa.”

Baba Sumani ya cire hularsa ya rufe fuska da ita. Jamal ya taso ya riƙe uwarsa. Ni da nake da sharhi a kan komai, ranar ban samu abin cewa ba, kuma ba ni kaɗai na goge ido ba.

Baba, mun gode. Mun gode da shekara ashirin da huɗu na tashin asuba, da 'ya'yan mutane da ka kai lafiya ka mayar lafiya, da haƙurin da ka yi da wautarmu. Allah ya ba ka hutu mai daɗi kai da Maa Akua, ya sa gwiwar nan ta daina damunka. Afrilu mai zuwa za mu sake zama a shagon aski mu zaɓa wa ƙungiya 'yan wasa, mu sake kuskure, ka sake yi mana dariya.

Ku kuma 'yan uwa, direbobi da masu kula da tsofaffi da masu tsaron kanti da mu 'yan ofis, kowannenmu akwai ɗan wani da ke wucewa ta gabansa, yana ganin abin da iyayen ba su gani ba ko ba sa son gani. Ranar da abin ya zo kanka, ka ja shi gefe ka faɗa masa, in ya ƙi ka faɗa wa mai iya taimakonsa. Za a iya daina gaishe ka shekara shida. Baba Sumani ya ɗanɗana, kuma da na tambaye shi a wajen walimar ko ya taɓa yin nadama, cewa ya yi kullum yana yi, amma da za a sake ba shi yaron a mota, a gidan man nan zai sake tsayawa.